Ɗan Yatsa a Gefen Idon Baba

Bana azumi ya kama tare da ruwan farko. Ranar uku ga wata, da la'asar, hadari ya taso daga bayan duwatsu ya rufe Yawunde, kwanon ɗakina ya fara ƙara. Ina zaune jikata Nafisa ta shigo da 'yar kwalbar maganin ido da likita ya rubuta mini, wayarta na kuka a hannu don ta tuna mata lokaci. Na ɗaga kai ta ɗiga mini. Kafin ta rufe kwalbar, ɗan yatsana ya riga ya hau gefen idon, nan kusa da hanci, ya danne.

"Hajiya, zafi yake yi?" in ji ta.

"Ba zafi. Bari in gama ƙirga."

Sai da na kai ɗari na ɗauke. Ban yi niyyar yin haka ba, hannun ne ya tuna da kansa. Ya koyi wannan aiki a wani azumin, zamanin shugaba Ahijo, shekarar da watan ya faɗo tsakiyar babbar damina, ina 'yar shekara goma sha bakwai.

A lokacin muna unguwar Birketeri, ko Birik kamar yadda kowa ke cewa, a gangaren da ke sauka zuwa rafi. A nan aka haifi Baba, Malam Sale mai ɗinki, mahaifinsa ne ya zo daga Zariya da fatauci ya zauna. Baba aikin hannu yake yi a babbar riga, aska biyu da aska takwas, kuma har unguwar Mesa an san ɗinkinsa. Da ido ɗaya yake wannan aiki. Na hagu ya mutu tun yana yaro, ƙyanda ce ta bar masa farar hakiya a kai. Na dama kuwa, ko da magariba yana zura zare a allura ba tare da ya nemi fitila ba.

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, Hauwa, don haka ba ya kiran sunana, sai dai ya ce Uwata. 'Yan gida kuma su ce Kulu. Shi ya dage na shiga lise, wato makarantar sakandare, duk da surutun da aka yi. Amma duk da haka ban taɓa kallonsa cikin ido ba. Haka muka taso. In yana magana sai in durƙusa, idona a kan tabarma. Na fi sanin ƙafafunsa da hannuwansa a kan fuskarsa. Ni kuma dama ba mai magana ba ce. A aji ina iya rubuta amsa shafi biyu, amma in aka ce in tashi in faɗa sai muryata ta ƙi fita.

Daminar shekarar ta yi nauyi. Ruwa yakan fara bayan azahar ya wuce magariba bai tsaya ba. Jan laka ya cika lunguna, in ka sa takalmi a can za ka bar shi. Wanki ya kwana uku a igiya yana wari. Itace ya jiƙe, gawayi ya yi wuya, hayaƙi ya riƙa cika madafi har Inna na fitowa tana hawaye. Aka ce hanya ta yanke a arewa, shanu suka ragu a kasuwar Etudi, masu tsire na bakin titi suka koma gasa 'yan guntaye. Ɗakin Baba kuma ya fara yoyo daidai inda yake ajiye rigunan Sallah na mutane, guda bakwai, shadda da tsamiya, waɗanda ya fara wa aiki.

Saura kwana uku a ɗauki azumi ya hau kan turmi ya ɗaga kwanon daga ciki don ya toshe hujin. Wani ɗan ɓarɓashin tsatsa ya faɗo masa a idon dama. Ya sauko yana murzawa.

Gwaggo Delu aka kira, yayarsa da ke zaune a ɗakin ƙofa tana sayar da kuka da daddawa. Ita kaɗai ke kiransa Sale kai tsaye, ita ce kuma mai cire haki a ido a duk layinmu. Da harshe take cirewa. Ta kama kansa kamar na yaro, ta buɗe idon, ta lasa sau biyu, ta tofar a tafin hannu ta nuna mana.

"Ga shi nan. Kai da wayonka ka tsaya ƙarƙashin ruɓaɓɓen kwano ka buɗe ido kamar mai jiran wata."

Muka yi dariya, shi ma ya yi. Washegari idon ya yi ja. Gwaggo ta aika maƙwabta aka tatso nonon mai jego aka ɗiga masa. Rana ta uku ta sa masa kwalli. Wani abokinsa kuma ya kawo ragowar maganin da aka taɓa ba shi, wanda ya ce yana wanke jan ido cikin dare ɗaya. Ya kuwa wanke. Ranar farko ta azumi idon ya yi fari-fari, Baba ya koma kan ɗinki, Gwaggo na ta yabon kanta.

Ranar huɗu ga wata da safe na kai masa ruwan alwala na tarar da shi a kusurwar ɗaki ya juya wa taga baya. Kwantsa ta manne fatar idon. Da Inna ta wanke masa ya buɗe da ƙyar, sai ta ja da baya ta ce innalillahi. Ni ma na saci kallo. A kan baƙin idon akwai wani farin ɗigo kamar ƙwayar gero.

"Uwata," in ji shi, "ina jin muryarki, amma kamar kina bayan labule."

Kowa ya san abin da ɗayan idon ya zama, kuma da farin ɗigo ya fara.

Ni aka ce in raka shi asibiti, don ni ke jin Faransanci sosai. Kafin mu fita na tattara kwalbar abokinsa da tandun kwalli na ƙulle a ƙyalle, na kuma rubuta a kaye, littafin rubutuna na makaranta, abin da aka sa masa kowace rana tun faɗowar tsatsar. Ba wanda ya sa ni. Haka nake, in abu ya tsorata ni sai in rubuta shi.

Asibitin ba nisa, amma ranar tafiyar ta yi tsawo. Baba ya rufe kai da mayafi saboda haske na soka masa ido, ya riƙe gefen gyalena. Mutumin da nake bin bayansa tun ina ƙarama, yau ni ce a gaba, ina ce masa ga rami, ga kwata.

Muka zauna a benci ƙarƙashin hoton shugaban ƙasa har kusan azahar. Likitan wani siririn mutum ne ɗan kudu, mai furfura a gefen kai, ba ya jin Hausa ko kalma ɗaya. Mai taimaka masa kuwa, infirmiye kamar yadda muke cewa, Bafulatani ne daga Garwa, Malam Bello, mai Hausa irin tasu da son wasa. Likitan ya karanta kayen nawa har ƙarshe, ya dube ni ta saman tabarau ya tambaya wa ya rubuta. Na nuna kaina. Ya ɗaga kwalbar abokin Baba ya karanta jikinta, ya jefa ta a aljihun tebur ya rufe. Ya ce irin wannan maganin yana ɓoye ja ne kawai, yana kuma ɗaure wa jiki hannu, cuta ta ci gaba da ci a ɓoye.

Aka zaunar da Baba gaban wata na'ura, ya ɗora haɓa a kan ƙarfe. Malam Bello ya taɓa masa gefen ido da wata siririyar takarda mai launin ruwan goro, aka kashe fitila, likitan ya kunna wani shuɗin haske. Sai ya yafito ni ya ce in leƙa.

Wannan shi ne karo na farko da na kalli idon mahaifina sosai, kuma ta cikin gilashi na kalle shi. Farin ɗigon ya zama kore shar, yana ƙyalli, gefensa a cinye kamar ganyen da tsutsa ta fara. Can ƙasa, a cikin idon, wani farin abu ya kwanta kamar jinjirin wata.

Likitan ya yi mini bayani a hankali, ni kuma ina mayar wa Baba. Ya ce a gaban baƙin ido akwai wata fata garau kamar gilashi, ta cikinta haske ke shiga. Tsatsar ta karce ta, ƙwayoyin cuta suka samu ƙofa, ko daga harshe, ko daga nonon, ko daga tsinken kwalli. Yanzu gyambo ne a wurin, farin da ya kwanta a ƙasa kuma mugunya ce. In gyambon ya ci gaba zai huda fatar, idon ya tsiyaye. Da na zo nan sai na tsaya. Baba ya ce, "Faɗi duka, Uwata." Na faɗa.

Aka ɗiga masa maganin kashe zafi, likitan ya kankaro ɗan abu daga gefen gyambon ya shafa a gilashi aka kai ɗakin gwaji, don a san irin ƙwayar. Ya zana idon a kati, ya auna gyambon ya rubuta. Ni ma na kwafi zanen a kayena. Aka yi wa Baba allura a farin idon, bai ko motsa ba. Likitan ya so ya kwantar da shi, Baba ya ce gida kusa ne, zai riƙa zuwa. Aka ba mu kwalba biyu. Ɗaya sau biyu a rana, don idon ya huta da zugi. Ɗayar, mai kashe ƙwayoyin, kowace awa, dare da rana. Aka ce kada a ɗaure idon, kada a sa komai banda waɗannan, mai ɗigawa kuma ya wanke hannu da sabulu. Mu dawo bayan kwana uku.

Da muka isa gida Gwaggo ta ji abin da aka ce game da harshe, ta tashi tsaye.

"Harshen nan? Tun ba a haifi likitan naku ba yake cire haki a unguwar nan. Wa ya taɓa makancewa?"

Ta koma ɗakinta, ranar ko buɗa-baki ba ta fito ba.

Na zana layuka a kaye, awa ashirin da huɗu, na ɗauko agogon tebur na ajiye kusa da tabarmarsa. Bayan an sha ruwa na ɗiga masa na farko. Ba a daɗe ba ya yamutsa fuska ya yi kaki.

"Uwata, wannan abin ɗaci gare shi. A maƙogwaro nake jin sa."

Na ce haka yake, Baba. Ban gane inda maganar ta nufa ba sai da asuba. Da aka kira salla na zo da kwalbar, ya ɗaga hannu.

"Ajiye. Abin da ya isa maƙogwaro ya karya azumi. In an sha ruwa sai mu rama."

Haka kuwa aka yi. Da rana ba ya yarda a taɓa idon. Da magariba ta yi sai ya ce in riƙa ɗiga biyu-biyu, ɗaya na yanzu, ɗaya ramuwar na rana, kamar mai rama sallar da ta wuce shi. Da carbi yake lissafi, kuma lissafinsa bai taɓa kuskure ba. Kafin alfijir ya cika ashirin da huɗu cif. A ganinsa bai ci amanar likita ba, bai kuma ci ta Ubangiji ba.

Na san ba haka aka ce ba. Na shirya maganar a raina a hanyar makaranta, na sake shirya ta a hanyar dawowa. Da na durƙusa gabansa sai in ji bakina ya yi nauyi. Inna ta gwada sau ɗaya, ya ce, "Ido ne ke ciwo, ba ciki ba. Tun da na balaga ban sha azumi ba, ba a kan ɗigon ruwa zan fara ba." Abin da na iya yi kawai shi ne rubuta gaskiya. Layukan dare na cika su da alama bibbiyu. Na rana, daga asuba zuwa magariba, na bar su fari.

Ranar komawa ruwa ya tsare mu a ƙarƙashin rumfar wani mai gyaran keke, muka isa a jiƙe. Likitan ya sa shuɗin hasken, ya daɗe yana kallo, ya auna, ya dubi zanen katin, ya sake aunawa. Ya ce gyambon ya ƙaru, mugunyar ta hau. Ya ce abin ya ɗaure masa kai, don gwaji ya nuna maganin da ya bayar shi ne daidai da wannan ƙwayar. Ya tambaya ko ana sawa yadda ya ce.

Baba ya ce, "Ki gaya masa ko ɗigo ɗaya ban tsallake ba."

Na mayar da maganar yadda take. Likitan ya gyaɗa kai, ya jawo takarda ya fara rubuta wani maganin dabam, yana ce wa Malam Bello wataƙila gwajin ne ya yi kuskure, in wannan ma bai kama ba to ba ya tsammanin idon zai kai mako.

Ina jin ƙarar alƙalaminsa. Ina jin ruwa na sauka daga gyalena zuwa siminti. Kayen yana cikin rigata, na rungume shi don kada ya jiƙe. Na san in na fito da shi na tona mahaifina a gaban baƙo. Na kuma san in ban fito da shi ba, za a bar maganin da ke daidai a kama wani, shi ma a sa shi da dare kawai. Sai na tashi na buɗe kayen a kan takardar da yake rubutu, na ɗora yatsa a kan fararen layukan.

Ya duba ya ce, "Mene ne wannan, madmazel?"

Malam Bello ne ya leƙo ya gane nan take. Ya ce wa likitan azumi ne. Ya juya wajen Baba yana dariya ƙasa-ƙasa.

"Malam, ashe ramuwa kake yi? Ƙwayoyin nan fa ba sa azumi. Kai kana kame baki, su suna cin idonka tun safe har magariba, ba mai hana su."

Baba bai yi dariya ba. Ya juyo da fuskarsa inda nake, na sunkuyar da kai. Likitan ya yaga takardar da ya fara. Ya ce in gaya wa Baba ido ba ya ajiye magani. Abin da aka ɗiga hawaye na wanke shi kafin awa ta cika, shi ya sa ake sake ɗigawa. Biyu a lokaci ɗaya, na biyun zubewa yake a kumatu. Na faɗa masa.

Sai Baba ya yi magana, ba da likitan ba, da Malam Bello.

"Ɗan'uwa, na san mara lafiya yana da rangwame. Na karanta. Amma ido ɗaya gare ni, kuma ga shi yana tafiya. A irin wannan lokaci ne zan saki abin da nake riƙe da shi?"

Sai a lokacin na gane tsoro yake ji. Ban taɓa tunanin Baba na jin tsoro ba.

Malam Bello ya daina wasa. Ya jawo kujera ya zauna kusa da shi. Ya ce akwai wata 'yar ƙofa a gefen ido kusa da hanci, ta nan hawaye ke gangarawa zuwa hanci da maƙogwaro, shi ya sa mai kuka ke jan majina. In aka danne wurin bayan an ɗiga, aka rufe ido, hanyar ta toshe, maganin ya tsaya inda ake buƙatarsa. Ya ce da yamma a gwada a gani. Ya kama yatsan Baba ya kai wurin, amma yatsun Baba sun yi kanta saboda allura, ba ya jin inda ya dace, yana ta danne ƙwayar idon. Malam Bello ya ce, "Wannan yatsa sai riga. Kulu, wanke hannu ki zo." Ya ɗora nawa a gefen idon mahaifina, ya ce in ƙirga ɗari ba gaggawa.

A hanyar gida Baba bai saki gyalena ba. Ya ce mu biya wajen liman. Na tsaya a waje ina jin su ta taga. Liman ya ce masa in bai isa maƙogwaro ba azuminsa na nan, in ya isa ya rama ranar bayan Sallah, in ma ya ga zai sha duka ya sha, ba laifi a kansa. Ya ƙara da cewa, "Idon nan ma amana ne, Malam Sale. Shi ma za a tambaye ka."

Da aka sha ruwa muka gwada. Na ɗiga, na danne, na ƙirga. Ya yi ta motsa harshe yana neman ɗacin. Ya ce a sake bayan awa. Sai a karo na uku ya ce, "Babu." Washegari da hantsi ya kira ni da kansa.

Likitan ya rubuta mini takarda na kai makaranta, na zauna gida mako biyu. Kwanakin nan a jere nake tuna su, duk iri ɗaya. Agogo ya buga, in wanke hannu, Baba ya jingina da bango ya ɗaga kai, in ja fatar ƙasa in ɗiga, in danne. Ni ina ƙirga da Faransanci a zuci, shi yana jan carbi. Ruwa na dukan kwano. In mun gama in koma kan littafina, ya koma cikin duhunsa. Da dare Inna ke karɓata don in runtsa, tunda lokacin ba a buƙatar dannewa.

Aiki ya tsaya, abinci ya ragu. Kunun buɗa-baki ya yi ruwa-ruwa, ƙosai ya koma bibbiyu, wata ran dafaffen rogo ne da yaji har sahur. Yunwar damina dabam take, ba ƙishi, sai sanyi da ke shiga ƙashi, ga ƙamshin tsire na tasowa daga titi da la'asar. Maƙwabta suka riƙa aiko da kwano, wannan shinkafa, wannan dafaffiyar ayaba, ba wanda ya taɓa cewa don me.

Rigunan nan bakwai kuwa, abokan sana'arsa ne suka zo suka raba su. Su huɗu, kowace safiya sai su bar rumfunansu su zauna a zaurenmu inda haske ya fi, suna ɗinki suna yi masa tsiya ta ƙofa.

"Malam Sale, wannan askar taka ta karkace, da wane idon ka zana ta?"

"Da wanda ya koya maka riƙe allura," in ji shi daga ciki. "Ka matse zaren, ina jin sakin hannunka daga nan."

Gwaggo ta fito a rana ta biyu. Ba ta ce komai game da harshe ba. Ta ɗauki aikin tafasa ruwa da ƙyallayen goge ido, da jiƙaƙƙen itacen nan, tana hura wuta har idonta ya yi ja. Ita ke tsaye a kaina in zan wanke hannu, tana cewa, "Tsakanin yatsun, Kulu. Boko bai koya miki wanka ba?" Ranar da wata mata ta kawo ɗanta haki ya faɗa masa a ido, na ji Gwaggo na cewa, "Na bar wannan aikin. Zuba masa ruwa mai tsabta, in bai fita ba ki kai shi asibiti."

Duk bayan kwana biyu muna komawa. Likitan ya auna ya zana, ni ma in zana. Karo na farko ya ce bai ƙaru ba. Karo na biyu mugunyar ta sauka rabi. A na huɗu na leƙa na ga koren ya tsuke ya zama kamar kan allura, jinjirin watan nan kuma ya ɓace. Likitan ya mayar da maganin duk awa biyu, daga baya duk awa huɗu. Ranar da shuɗin hasken bai nuna kore ko kaɗan ba, saura kwana uku Sallah, ya miƙa wa Baba hannu, ya ce in gaya masa tabo zai zauna, amma ya kauce wa tsakiya. Ya rufe kayena ya miƙo mini da hannu biyu. Malam Bello ya ce, "Malam, saura ramuwar gaske." Baba ya ce, "Kwana biyar. Sau biyar na ji ɗaci." A kayena uku na rubuta. Sauran biyun bai faɗa mini ba, don kada in ce yatsana ne ya zame.

Aka yi Sallah, masu riguna suka karɓi rigunansu. Baba ya je Idi ina gefensa har bakin fili, don har lokacin gani na kusa bai dawo ba. Likitan ya ce maganin hutar da idon ne bai gama sakinsa ba, a yi haƙuri. Baba ya rama kwanakinsa biyar. Kowace safiya sai ya ɗauko allura ya juya ta a hannu ya mayar.

Wajen mako uku bayan Sallah ruwa ya fara ja baya. Wata Alhamis na dawo daga makaranta, rana ta fito, Inna ta baza wanki ko'ina. Baba na zaune a bakin zaure da allura da farin zare. Na durƙusa zan gaishe shi, ya ce, "Tsaya." Ya lashi bakin zaren, ya ɗaga allurar sama. Ya kuskure. Ya sake, ya kuskure. A karo na uku zaren ya fito ta ɗaya gefen, ya ja shi har ƙarshe.

Gwaggo ta rangaɗa guɗa daga ƙofarta. Ni kuwa, da yake wata guda na saba, sai na manta na ɗaga kai na dubi idon, don in ga ko ya yi ja. Ga ɗan tabon nan a gefe kamar ƙwayar riɗi. Sai na lura shi ma kallona yake. Na yi sauri zan sunkuya, ya ce, "A'a, ɗago."

Ya daɗe yana dubana.

"Ashe da gaske Delu take," in ji shi. "Ta sha cewa da mahaifiyarmu kike kama. Goshinta ne, har da girar. Shekara goma sha bakwai kina gidan nan, tsakiyar kanki kawai nake gani."

Ya yi shekara goma sha tara yana ɗinki bayan wannan. Likitan da Malam Bello ban sake ganinsu ba bayan an sauya musu wurin aiki, amma ba azumin da ya wuce ban sa su a addu'a ba, su da mutum huɗun nan na zaure, da Gwaggo. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu.

Yau da hantsi wayar Nafisa ta sake kuka. Ta wanke hannu ta zo da kwalbar. Da ta ɗiga, na kama ɗan yatsanta na kai shi gefen idona, na nuna mata wurin.

"Nan, kusa da hanci. Ki ƙirga ɗari, ba gaggawa. Kuma ki ɗago kanki in gan ki."